Bindiga Mai Baki Biyu: Gadon Da Ke Ƙarƙashin Gado

Da wuya ka shiga gidan wani tsohon ma'aikacin En'e a Kano ko Zariya ko Katsina ko Bauchi, ka tambayi dattawan gidan labarin bindigar marigayi, a ce maka ba a san zancen ba. Galibi tana nan. Wata an naɗe ta da tsohon bargo an tura ƙarƙashin gadon uwargida, wata tana bayan sif tare da takardun fansho, wata kuwa ranar rabon gado aka rasa yadda za a yi da ita, sai aka bar ta amana a hannun babban ɗa. Shekara talatin ko arba'in babu wanda ya waiwaye ta. To, amma tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a Arewa, masu garkuwa da mutane suka fara ƙwanƙwasa ƙofofi cikin dare, sai ga 'ya'ya da jikoki, wasunsu likitoci, wasu lauyoyi, wasu manyan ma'aikatan banki, suna janyo bargon nan suna kakkaɓe ƙura. Saboda su na ɗauki alƙalami a wannan mako.

Ni ma ina da irinta, da lasisi a kan sunana. Na gaje ta daga baffana, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi aikin gandun daji, shi kuma ya saye ta a hannun wani Bature da ke haɗa komatsansa zai koma gida gab da samun mulkin kai a 1960. Fiye da shekara ashirin ke nan ina fita da ita lokacin kaka, don haka abin da zan faɗa na faɗe shi ne a matsayin mai ƙaunarta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma gaskiya ne, sai dai ita wannan zumar tana da ƙa'idar sha, wanda ya tsallake ƙa'idar kuwa yana iya rasa yatsu, ko ido, ko 'yancinsa.

Bari mu fara da yadda aka yi ta zama abar alfahari a gidajenmu. Tun ƙarni na 18 maƙeran birnin Birmingham na Ingila suke ƙera bindigogi masu arha dubun-dubata ana kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ana musayarsu da bayi, daga baya da manja. Kakannin bindigar tokar da mafarautanmu ke riƙewa ke nan. A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Brussels, babban birnin Beljiyam, suka ƙulla yarjejeniyar da ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan nahiyar nan, aka bar wa baƙar fata bindigar da ake ɗurawa ta baki da albarushin kasuwa. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1903, sojojin Lugga suka tsaya a bakin ganuwar Kano da bindiga mai ruwa. Saboda haka, a zamanin Turawa, bindigar da ake karyawa a zuba mata harsashi ta baya kayan Joji ne da Di'o, sai kuma sarakuna da hakimai da 'yan tsirarun ma'aikata da hukuma ta yarda da su. Wanda aka ba shi takardar riƙe mai baki biyu, an shaida masa hankali da natsuwa a gaban jama'a. Wannan ne ya sa iyayenmu suke rataye ta a zaure ko a falo inda baƙo zai gani.

Tawa ƙirar Birmingham ce, lamba 12. Mutane da yawa suna faɗin "lamba sha biyu" ba tare da sanin daga ina lissafin ya fito ba. A ɗauki laba guda ta dalma, wato gram 454, a raba ta gida 12 daidai wa daida, a mulmule kowane kashi ya zama ƙwallo. Faɗin ƙwallo guda shi ne faɗin bututun, kimanin milimita 18 da rabi. Ba ta da 'yan kunnuwan nan biyu na waje da ake ɗanawa da babban yatsa, domin an yi ta ne a kan tsarin da wasu mutum biyu, Anson da Deeley, na kamfanin Westley Richards, suka yi wa rajista a 1875, inda karya bindigar shi ne ɗana ta. Shekara 150 ke nan, har yau masu ƙira a Sifen da Turkiyya ba su daina bin wannan tsari ba, don ƙarafan da ke motsi a cikinsa ba su da yawa, abin lalacewa kaɗan ne. Nauyinta kilo uku da 'yan kai. Shi ma wannan da lissafinsa: shahararren maƙerin nan na Birmingham, W. W. Greener, ya bar ƙa'idar cewa bindiga ta ninka nauyin dalmar da za ta harba sau 96. Gram 32 na dalma sau 96 ya ba ka kilo uku. Idan ka ɗura mata abin da ya fi haka nauyi, kafaɗarka za ta fara ba ka labari, daga baya katakon gindinta ya tsage.

Mai karatu, in akwai irin wannan bindiga a gidanku, abu na farko shi ne ka karanta tarihinta, kuma a jikinta yake rubuce. Ka tabbatar babu komai a cikinta, ka ɓalle katakon gaba, ka zare bututun biyu, ka juya su. A ƙarƙashinsu, kusa da inda harsashi ke zama, za ka ga ƙananan tambura da lambobi an buga a ƙarfen. Hatimin gidan gwajin bindigogi ne. Majalisar dokokin Ingila ta kafa na Birmingham a 1813, kuma har yau laifi ne a can a sayar da bindigar da ba ta bi ta gidan gwaji ba. Aikinsu shi ne su ɗura mata caji fiye da wanda za ta taɓa ɗauka a hannun mai ita, su harba, in ta jure su buga mata hatimi. A jikin tawa akwai kambi a kan haruffan NP, alamar an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi. Akwai 1⅛, wato oza ɗaya da ɗaya bisa takwas na dalma. Sannan akwai lambar da ta fi kowacce muhimmanci ga mai gado, wato 2½.

Ma'anarta, mazaunin harsashin inci biyu da rabi ne, milimita 65. Harsashin da ya cika kasuwannin duniya a yau kuwa na milimita 70 ne, wani ma 76. Inda haɗarin yake shi ne, ana auna tsawon harsashi ne bayan an harba shi bakinsa ya buɗe. Kafin a harba, bakin a naɗe yake, saboda haka na milimita 70 yana shiga mazaunin 65 salin-alin, bindiga ta rufu ƙas, mutum ya ɗauka komai daidai. Sai an ja kunama kwanson ya nemi inda zai buɗe ya tarar da wuri ya ƙuntata, ga shi kuma an cika shi da cajin da aka yi wa bindigar zamani. Ta yiwu ta jure sau goma, ta yiwu sau ɗari. Amma ƙarfen da ya shekara tamanin yana shan damina da hunturu ba ya aiko da sammaci kafin ya fashe, kuma hannun hagu na mai harbi a kan bututun yake.

Akwai waɗanda suka fi tawa tsufa, masu wani zane a jikin bututun kamar tufkar igiya ko ƙananan kitso. Ana kiran wannan ƙira da sunan birnin Dimashƙa, ko da yake a Birmingham da Liège ta Beljiyam aka yi mafi yawansu. Sandunan baƙin ƙarfe iri biyu ake murɗawa tare, a naɗe su a jikin sanda, a yi ta duka da guduma a wuta har su haɗe. Abin sha'awa ne ƙwarai ga ido, kuma duk Bamaƙerin da ya gani zai jinjina wa wanda ya yi. Sai dai yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su, kuma tsatsa tana iya shiga tsakanin haɗin ta yi ɓarna a inda ido ba ya kaiwa. Shawarata ga mai irin wannan ita ce ya shafa mata mai ya bar ta ta huta, ta gama aikinta.

Sauran dubawar ba ta buƙatar digiri. Ka ɗaga bututun zuwa haske ka leƙa ta baya: ya kamata ka ga ciki yana sheƙi, babu ramukan tsatsa, babu lotsawa, babu kumburi. Ka rataye su a yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayyu suna amsawa kamar ƙararrawa, waɗanda haɗinsu ya saki sai su yi wata irin ƙara kamar fasasshiyar ƙwarya. Ka mayar da su ka girgiza bindigar, in ka ji tana ƙwas-ƙwas a mahaɗa, ta saki. Sannan ga wani abokin gaba da littattafan Turawa ba su cika ambata ba, wato zanzaro. Ba abin da yake so kamar rami mai duhu da aka ajiye aka manta, ya yi ta jido laka yana gini a ciki. Ɗan toshewar nan ya isa ya fasa bututu. Haka ita ma ƙasar da kan shige baki idan mutum ya yi tuntuɓe a kunya. In an sami matsala kuma, kada a nufi mai walda na bakin titi. Zafin walda yana narkar da haɗin bututun yana kashe ƙarfin ƙarfe, ban da cewa doka ba ta yarda kowa ya gyara bindiga ba sai mai izini.

Yanzu sai daɗin abin, don kada a ce na cika tsoratarwa. Lokacinta shi ne bayan an yanke dawa an kwashe gyaɗa, tsuntsaye sun gama ƙyanƙyasa 'ya'yansu sun yi ƙwari. Ka fita bayan asuba, sanyi yana ratsa riga, fakara tana kiran 'yan'uwanta daga gindin sabara. Ita fakara sai ka kusa taka ta take tashi, da wata irin fiffika mai firgitarwa. Zabin daji kuwa 'yan wayo ne, gudu suke fara yi a ƙasa cikin ayari, sai sun ga ba makawa su tashi. Mai baki biyu ba a saita ta yadda soja ke saita tasa, a rufe ido ɗaya a tsaya cak. Ido biyu a buɗe, kana kallon tsuntsun, bindigar ta hau kafaɗa ta bi shi ta baya, ta wuce shi, ka ja kunama ba tare da ka tsayar da hannu ba. Wanda ya harbi inda tsuntsu yake, ya harbi inda ya bari.

Kunama biyu gare ta, kuma a nan hikimar masu ƙirar take. Ta gaba tana tayar da bututun dama, wanda bakinsa a sake yake, yana watsa dalma da faɗi don abin da ke kusa. Ta baya tana tayar da na hagu, wanda aka ɗan matse bakinsa don dalmar ta tafi a dunƙule ta kai nesa. Tsuntsun da ya tashi a gabanka ka ba shi dama, in ka kuskure ya yi nisa ka bi shi da hagu. Daga nan magana ta ƙare, sai ka karya ka sake zubawa. Iyakarta mita 35 zuwa 40. Abin da ya wuce haka raunata shi kawai za ka yi, ya je ya mutu a wahale cikin ƙaya, ka ɗauki alhaki ka koma gida hannu rabbana. Baffana ba ya fita da harsashi fiye da shida. Yakan yi bisimilla kafin ya ja kunama, da wuƙa mai kaifi a aljihu don yanka abin da ya faɗo da sauran rai, kuma in ya sami na miyar gida biyu sai ya juya, ko da rana ba ta ɗaga ba.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne ba ta ɓoye niyyar mai ita. Idan ka karya ta ka saɓa a hannu, manomin da ke tahowa daga nesa yana ganin a buɗe take, ya san ba za ta tashi ba. Haka ake riƙe ta in za a tsallake shinge ko rafi, in za a gaisa da mutum, in an doso gari. Ba a harbi ƙasa-ƙasa cikin kara, domin lokacin farauta shi ne lokacin da mata ke kala, yara ke kiwo, kuma motsin ganye bai taɓa zama shaidar cewa dabba ce ba. Waɗannan ladubba ba a rubuce suke a lasisi ba, daga bakin manya ake ɗaukarsu, kuma su ne abin da mai gado na yau ya rasa, don bindigar ta iso hannunsa bayan mai koyarwar ya kwanta dama.

To, mu zo kan dalilin da ya sa ake janyo ta daga ƙarƙashin gado. Na fahimci halin da magidanci yake ciki idan ya kwanta yana sauraron haushin karnuka. Ban manta ba cewa a watan Nuwamba na 2014 mafarauta da 'yan banga sun taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram da makamai irin na gargajiya. Amma waɗancan mutane ne da suka tashi a daji, suka fita a ƙungiya, suka san ƙasar kamar tafin hannunsu. Ma'aikacin da bai taɓa harba ko kurciya ba, shi kaɗai cikin duhu, da harsashi biyu da ba su wuce mita 40 ba, yana fuskantar mutum goma masu AK-47 da kowacce ke ɗauke da harsashi 30 tana kai mita 300, wannan wani lissafi ne daban. Ƙari a kan haka, bindigar da aka ajiye a ɗure a gefen gado don jiran ɓarawo, ta fi kusa da hannun yaron gida fiye da ƙirjin ɓarawon. Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. An yi ta cacar baki a kan hurumi, amma ban ji an tsaya a kan wace bindiga ake nufi ba, da kuma wa zai koya wa mutane riƙe ta.

Ita doka a fayyace take. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda Sufeto-Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, kuma mai baki biyu a nan take, domin ba ta da wata na'urar da ke sake ɗura mata harsashi. Sai kuma masu ɗuri ta baki irin bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Abin da magada da yawa ba su sani ba shi ne lasisi ba ya shiga rabon gado. Na mutum ɗaya ne, ya rasu ya tafi da abinsa, doka ta ba magada 'yan kwanaki ƙalilan kawai su daidaita al'amarin. Ke nan tsohuwar takardar marigayi mai tambarin Jihar Arewa da ke cikin akwati ba za ta kare kowa a gaban alƙali ba.

Hanyar daidaitawar kuwa ta ƙuntata. A watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto-Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai saboda yawaitarsu a ƙasa. Manufar mai kyau ce, sai dai ɗan bindigar da ke dajin Rugu bai taɓa cike fom ba balle dakatarwa ta dame shi. Wanda irin wannan mataki ke kamawa shi ne mai gado mai son bin doka, wanda in ya fito da bindigar yana tsoron a kama shi, in ya ɓoye ta yana zaune cikin laifi. Fita da ita hanya ma ya zama kasada. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida bikin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Allah Ya jiƙansu. A ƙasar da ganin bindigar farauta ya isa a yanke wa mutum hukunci a bakin titi, rajista sahihiya da kowane jami'i zai iya tantancewa kariya ce ga mai bindigar kafin kowa.

Abin da nake ganin ya dace shi ne hukuma ta buɗe wa magada ƙofa ta musamman na wani wa'adi, su kawo bindigogin iyayensu ba tare da fargabar tuhuma ba. Masana makamai su duba kowacce. Wadda ta ci jarrabawa, kuma mai ita ya cika sharuɗɗa ya nuna ya iya riƙewa, a ba shi lasisi. Wadda ta faɗi a toshe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a mayar wa iyali su rataye don tunawa, ko su ba gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano. Hukuma za ta san adadin abin da ke cikin gidaje, abin da a yanzu sai dai kintace.

Akwai kuma wani abu da zai iya yi wa waɗannan bindigogi ritaya ko da hukuma ba ta ce uffan ba, shi ne dalmar kanta. Harsashi guda yana watsa ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi, kaɗan ne ke samun tsuntsu, saura su zube a ƙasa ko a ruwa, agwagin ruwa su tsince su a zaton tsakuwa, gubar ta kashe su a hankali. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023. Mu da muka ga yadda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000, suna karɓar tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai kowane hunturu, alhali madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun riga sun rage musu ambaliyar da suka dogara da ita. Shi ya sa na daina kai tawa bakin ruwa, na bar wa dinya da kirinjijiya fadamarsu. Madadin dalma da ya fi arha shi ne ƙwayar baƙin ƙarfe, ita kuwa ta yi wa tsohon bututu mai matsattsen baki tauri, tana iya kumbura shi. Harsashin milimita 65 da ya dace da ita ma samunsa sai an sha wuya. Abin da ya rage mini a akwati bai fi na kaka biyu ba, in na bi lissafin baffa na shida a kowace fita.